InfiniBand ko RoCE ko Ethernet na yau da kullum, wanne za ku haɗa manyan sabobinku (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran aiki) da shi?

Wannan bayanin na 'yan'uwanmu ne masu shugul ɗin kwamfuta a nan Saudiyya, ko kana Riyad ko Jidda ko Dammam, musamman wanda mudir ya dire wa takardun farashi biyu ko uku ya ce duba mana wanne za mu saya. Tun da harkar AI ta yi zafi a ƙasar nan, ga hukumar data da AI ta SDAIA ga kamfanin Humain da aka buɗe a 2025, kowane kamfani da kowace jami'a so suke a ce suna da kulasta na GPU, yani tarin sabobi masu guntun lissafin AI da ke aiki tare, sai a zuba miliyoyin riyal a kan sabobi, maganar netwok ɗin da zai haɗa su kuma a bar ta sai ƙarshe. Kuma wallahi a nan asarar take shigowa, don GPU ɗin da ke zaune yana jiran data kuɗi ne ke ƙonewa.

Zaɓi uku ne yawanci ke zuwa tebur: Ethernet na yau da kullum mai TCP, Ethernet ɗin da aka ɗora wa RoCE, sai InfiniBand. Akwai na huɗu Slingshot, zan taɓa shi a gurguje.

Abin da za ka duba kafin ka kalli farashi

Na farko, kuma shi ne uban sauran, wane irin aiki sabobin za su yi. In shafin intanet ne ko rumbun bayanai ko imel, data tana tafiya ne 'yan ƙanana-ƙanana, dubban mutane kowa da 'yar buƙatarsa, in fakiti ɗaya, wato ɗan ƙunshin data, ya makara ba wanda zai sani. Amma horar da babban samfurin AI, ko lissafin inda mai yake a ƙarƙashin ƙasa, ko hasashen yanayi, wannan wani abu ne daban, GPU ɗari ko dubu suna lissafi tare kuma duk ƙarshen zagaye sai sun tsaya sun haɗa sakamako, ba wanda zai ci gaba sai na ƙarshe ya iso. Yani hanya ɗaya tak ta toshe, kulasta gaba ɗaya ya zauna jira. Shi ya sa lambar da ɗan kasuwa ke nuna maka, 400 giga ko 800 giga (gigabit a sakan, gudun kebul), ba ita ce magana ba, maganar ita ce me ke faruwa da fakitin da ya fi kowa makara.

Na biyu, yadda netwok ɗin ke zaɓar hanya. Kusan duk kulasta na yanzu tsarin Clos ake yi masa, wanda Charles Clos na Bell Labs ya tsara tun 1953 don layukan tarho: sabobi suna shiga suwic na ƙasa (suwic shi ne akwatin da kebul ke haɗuwa a ciki), kowane suwic na ƙasa kuma yana da kebul zuwa kowane suwic na sama. Ka ga tsakanin saba da saba akwai hanyoyi da yawa masu tsawo ɗaya, toh wa ke cewa wannan data ta bi nan waccan ta bi can? Amsar wannan tambayar ita ta fi raba zaɓin nan uku.

Na uku, me yake yi in hanya ta cika, zubar da fakiti yake ko tsayar da mai aikowa. Na huɗu, in sashe uku ko kwastoma goma za su raba kulasta ɗaya, ya ake shiga tsakaninsu kar aikin wani ya danne na wani. Sai kuɗi, sai dorewa, sai wanda mutane ke mantawa: wa zai kula da shi ƙarfe ukun dare in ya tsaya, kuma in wannan mutumin ya yi naƙalin kafala ya tafi wani kamfani, za a samu madadinsa a kasuwa?

Ethernet na yau da kullum

Shi ne wanda kowa ya sani, Cisco, Arista, Juniper, Huawei, duk wanda ka ga dama. A tsarin Clos yawanci BGP ake sa wa tsakanin suwic-suwic don su sanar da juna hanyoyi, sai ECMP ya raba kaya a kan hanyoyin. Yadda ECMP ke aiki shi ne ya ɗauki adireshin mai aikowa da na mai karɓa da lambobin ƙofa biyu da nau'in sadarwar, ya jujjuya su ya fitar da lamba, lambar ta faɗa masa wane kebul, kuma duk fakitin wannan ayarin, wato hira ɗaya tsakanin mai aikowa da mai karɓa, nan zai bi har a gama. Bai san ko kebul ɗin ya cika ba, bai ma tambaya. In ayarin dubbai ne ƙanana, abin yana daidaita kansa, lafiya lau. Amma in manya ne 'yan kaɗan, kamar yadda aikin GPU yake, sai mushkila. Yi lissafin da kanka: ayari 8 manya, kebul 8 masu hawa sama, damar a ce kowanne ya faɗa kebul ɗinsa daban ba ta wuce kusan sau 1 cikin 400 ba. Sauran lokutan duka biyu ko uku suna cushe a kebul ɗaya, wani kebul ɗin kuma yana zaune ba komai.

In hanya ta cika zubar da fakiti yake, TCP ya lura ya sake aikowa ya rage gudu. Ga aikin ofis wannan ba laifi, shekaru da dama haka intanet take tafiya. Sai dai data sai ta ratsa kwakwalwar saba da manhajar da ke tafiyar da ita kafin ta fita, jinkirin ya kai gomman maikrosakan, CPU kuma yana cin wahala a kan jigilar fakiti.

Wurin rabo tsakanin mutane kam ba wanda ya kama ƙafarsa. Dabarar VLAN tana yanka maka netwok har kashi 4094, VXLAN da EVPN kuma kusan miliyan 16, ga tsaro ga komai an saba. Kuɗi shi ne mafi sauƙi, kayan gyara ana samu a Riyad da Jidda ba sai an jira jirgi ba, masu shahadar CCNP ta Cisco kuma ga su nan birjik, har cikin 'yan'uwanmu na Mai Wurno da Gadarif da suka shigo neman aiki akwai waɗanda suka iya shi sosai. Abu ɗaya ka kula da shi a takardar farashi: suwic mai ƙofa 48 na 25 giga yana shan 1200 daga ƙasa, in kebul 4 na 100 giga kawai aka sa masa zuwa sama 400 kenan, kashi 3 ke shiga kashi 1 ke fita. 'Yan kasuwa suna son wannan don farashi ya yi kyau a ido, kuma ga aikin ofis daidai ne, ga GPU kuwa kisa ne.

Ethernet mai RoCE

A nan ne ruwan yake da zurfi, don haka zan ɗan zauna. RoCE dabara ce ta ɗaukar RDMA, wato katin netwok na saba ya rubuta data kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar ajiyar wata saba ko wani GPU ba tare da an dami CPU ba, a ɗora ta a kan Ethernet. Na farko ya fito 2010, na biyu wanda kowa ke amfani da shi yanzu 2014, yana tafiya cikin UDP ta ƙofa 4791 shi ya sa yake iya ratsa rauta. Jinkiri ya sauko zuwa 'yan maikrosakan kaɗan, kusa da InfiniBand. A takarda ka samu duniya biyu kenan, gudun can da arahar nan.

Toh amma RDMA ba ya son a zubar masa da fakiti, a katunan da ba sababbi ba in ɗaya ya ɓace sai a koma baya a sake aiko duk abin da ya biyo bayansa. Don haka sai an tilasta wa Ethernet ya daina zubarwa, da abin da ake kira PFC: in ma'ajiyar jiran suwic ta kusa cika sai ya aika wa na bayansa dakata. InfiniBand shi kuma tun asali ba ya aikawa sai mai karɓa ya riga ya faɗa masa ina da wurin fakiti kaza. Duk wanda ya je Harami a goman ƙarshe na azumi ya ga yadda askarawa ke rufe shinge tun daga waje, ba a sakin jama'a sai an tabbatar ciki akwai wuri, wannan shi ne InfiniBand. Yanzu ka ƙaddara ba shingen, sai wuri ya cika maƙil sannan a fara cewa a tsaya, na baya bai ji ba yana ta turowa, layi ya yi ta tsawo har wanda hanyar otal ɗinsa kawai yake nema ya maƙale a ciki, wannan shi ne PFC in an bar shi shi kaɗai. Dakatan yana yaɗuwa daga suwic zuwa suwic, yana kama ayarin da ba ruwansu, wani lokaci ma ya zagayo kowa na jiran kowa netwok ya sandare. Microsoft da kansu sun ba da labarin irin wannan a 2016, har da kati ɗaya da ya lalace ya yi ta aika dakata ya tsayar da jama'a da yawa.

Maganin shi ne ECN tare da DCQCN, wanda Microsoft da Mellanox suka fitar a 2015: tun kafin ma'ajiyar ta cika suwic zai sa wa fakiti alama, mai karɓa ya aika wa mai aikowa rage gudu, PFC ya zama birkin gaggawa kawai. Yana aiki, amma sai an saita, kuma saitin dole ya zama ɗaya a kowane kati da kowane suwic. A kayan Nvidia abin da aka saba shi ne data ta RoCE a lambar fifiko ta DSCP 26 matsayi na 3, saƙon rage gudu a DSCP 48. Saba ɗaya aka sake mata manhaja aka manta saitin, shikenan, datarta ta faɗa layin da ake zubarwa, aikin horarwa ya yi ta jan ƙafa kuma babu fitilar da za ta yi ja ta faɗa maka. Sai kun yi kwanaki kuna zargin GPU.

Kuma matsalar ECMP tana nan daram, ta ma fi tsanani don ayarin RoCE manya ne. Akwai dabaru: a raba aiki ɗaya a kan layukan sadarwa da yawa don ayarin su yi yawa, ko suwic ya dinga duba wane kebul ne da sauƙi ya karkata can, ko a watsa fakiti ɗai-ɗai a kan duk hanyoyin sai kati ya jera su a ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi Spectrum-X na Nvidia ke yi, amma sai suwic da kati duk nasu ne, ka ga 'yancin zaɓin kamfanin da ya kawo ka Ethernet ya ragu kenan. Kamfanoni irin su AMD, Arista, Broadcom, Cisco, Meta da Microsoft sun haɗu a 2023 a ƙarƙashin Ultra Ethernet don a gyara wannan a ƙa'idar da kowa zai bi, ƙa'idar farko ta fito 2025. Ni dai ba zan ba wa ƙaramin kamfani shawara ya gina lissafinsa a kan alƙawarin gaba ba, ka sayi abin da za a iya gwada maka yau.

Kar a ce na kushe shi, RoCE na iya ɗaukar manyan kaya. A 2024 Meta ta sanar da kulasta biyu kowanne GPU H100 guda 24,576, ɗaya RoCE ɗaya InfiniBand, duka 400 giga, kuma ta ce a na RoCE ɗin take horar da Llama 3. Colossus na xAI a Memphis, wanda ya fara da GPU 100,000 a 2024, shi ma da Ethernet na Spectrum-X aka haɗa shi. Sai dai ka tuna su waye waɗannan, suna da injiniyoyin da ba su da wani aiki sai wannan. Ku kuma mutum nawa ne a sashenku, kuma cikinsu nawa ne ke gyara firinta da rana?

Kuɗi: kati kusan ɗaya ne da na InfiniBand, yawancin katunan ConnectX na Nvidia ma suna iya yin duka biyun, a suwic da kebul ne ake samun sauƙi saboda akwai gasa, kuma guntun Tomahawk 5 na Broadcom yana ba da ƙofa 128 na 400 giga a suwic ɗaya, wanda ke rage yawan suwic ɗin da za a saya. Sauƙin da ka samu wani ɓangare zai koma albashi ko kwangilar tallafi.

InfiniBand

Tun 1999 aka kafa ƙungiyarsa, amma a aikace yau kamfani ɗaya ne, Mellanox, wanda Nvidia ta saya kan kusan dala biliyan 7 aka kammala a 2020. Matakan gudunsa su ne EDR 100 giga, HDR 200, NDR 400, XDR 800. Zaɓen hanya a nan ba a bar wa kowane suwic ya yi shawara da maƙwabcinsa ba, akwai manaja ɗaya, wato manhajar OpenSM ko UFM mai lasisi, shi ke zagaya netwok duka ya ba kowace ƙofa lamba, ya lissafa hanyoyi, ya rubuta wa kowane suwic jadawalinsa. In tsarin Clos ne sai ka ce masa ya yi amfani da dabarar lissafin hanya ta ftree ko updn. A kan wannan kuma suwic na zamani suna karkatar da fakiti zuwa hanyar da ba cunkoso da kansu. Akwai kuma SHARP, inda suwic ɗin kansa ke yin wani ɓangare na haɗa sakamakon maimakon data ta yi ta kai da komo tsakanin GPU. Jinkiri daga saba zuwa saba wajen maikrosakan ɗaya ne.

Abin da ya sa mutane ke sonsa ba gudun ba ne kawai, sauƙin tashi ne. Ka jona kebul daidai, ka kunna manajan, yawanci ya hau, babu zaman saita PFC. Masu lissafin kimiyya sun daɗe a kansa, babban injin lissafi Dammam-7 na Aramco da aka ƙaddamar a 2021 mai ƙarfin petaflop 55.4 da InfiniBand aka haɗa shi.

Inda yake cizo: farashi, da kuma kasancewar hannu ɗaya ke sayarwa, in sun ce wata shida sai ka jira wata shida, ba inda za ka ruga. Manajan nan kuma dole a yi masa na biyu mai jiran gado, don in ya mutu abin da ke tafiya zai ci gaba amma sabar da ta sake tashi ba za ta shiga ba, kebul ɗin da ya mutu ba za a sake lissafa hanyarsa ba. Rabo tsakanin kwastomomi akwai shi, da PKey ake yankawa, akwai kuma layukan fifiko, amma bai kai sassaucin VXLAN ba, kuma mutanen tsaro na kamfani kayan aikinsu yawanci ba sa gani cikinsa. Sannan duk da haka sai ka sayi Ethernet na daban don gudanarwa da shiga intanet, netwok biyu kenan, ilimi biyu. Masu iya shi a kasuwar nan ba su da yawa, amma gaskiya wanda ya iya Linux yana kama kayan binciken InfiniBand irin su ibstat da ibdiagnet da wuri fiye da yadda zai kama saitin DCQCN.

Ga masu ƙaramin aljihu akwai na hannu. Suwic ɗin EDR mai ƙofa 36 da katunan ConnectX-5 suna yawo a kasuwar tsofaffin kaya, ga ɗakin binciken jami'a mai saba 20 ko 30 sun isa har da saura. Garanti dai babu, ka sayi ɗaya ka ajiye a gefe.

Slingshot

Wannan ba a sayensa a kanti, yana zuwa ne da injin HPE Cray. Shi ke cikin manyan injinan Frontier na Amurka da Shaheen III na jami'ar KAUST a Suwal, tsarin Dragonfly yake bi kamar yadda Shaheen II, wanda ya zo na 7 a duniya a 2015, ya bi da tsohon netwok ɗin Cray mai suna Aries. Dragonfly yana tara suwic rukuni-rukuni ya rage dogayen kebul, amma sai da zaɓen hanya mai wayo wanda wani lokaci zai bi da fakiti ta rukuni na uku da gangan don kauce wa cunkoso. In kasafinku ya kai nan ba rubutuna za ku karanta ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Abin dubawa | Ethernet mai TCP | Ethernet mai RoCE | InfiniBand |
|---|---|---|---|
| Zaɓen hanya | ECMP, bai ganin cunkoso | ECMP, ko mai wayo in an biya | manaja ɗaya, suwic na karkatarwa |
| In hanya ta cika | zubarwa a sake aikowa | PFC da ECN, sai an saita | ba a aikawa sai akwai wuri |
| Jinkiri | gomman maikrosakan | 'yan maikrosakan | wajen maikrosakan 1 |
| Raba wa kwastomomi | mafi sauƙi | da sauƙi | ana yi, da iyaka |
| Kuɗin kaya | ƙasa | tsakiya | sama |
| Wahalar kulawa | kaɗan | mai yawa | tsakiya |
| Masu sayarwa | da yawa | da yawa | ɗaya |
| Babban haɗari | bai isa aikin GPU ba | saiti ya kuskure ba a sani ba | jiran kaya da tsada |

Kebul, ƙura da kuɗin da ba a faɗa

Dorewa kusan ɗaya ce a duka ukun, don suwic ba kasafai yake mutuwa ba, kawunan faiba ne ke mutuwa. Ɗauki suwic mai ƙofa 64 kamar Quantum-2: rabi ƙasa rabi sama, bene biyu zai ɗauki ƙofa 2048 da suwic 96, saba 256 kenan in kowace tana da GPU 8 da kati 8. Hanyoyin da za a jona 4096 ne, kowace baki biyu. Ko kaɗan daga ciki suka fara ɗauke-ɗauke, aikin kwana goma zai iya faɗuwa. Kebul na tagulla yana da araha kuma ba ya cin wuta amma bai wuce mita biyu zuwa uku a wannan gudun, don haka yadda aka jera rak, wato kabad ɗin sabobi, yana canja farashi sosai. Kuma a ƙasar nan ƙura ba wasa ba ce, bakin faiba da aka buɗe aka ajiye a ƙasa lokacin kafa kayan ya riga ya kwashi rabonsa, ku sa a kwangila cewa sai an goge an duba kowane baki kafin a jona.

Wajen lissafi kar ka manta harajin VAT kashi 15, dala kuma riyal 3.75 ce ba ta motsi, wannan kam sauƙi ne a kan 'yan'uwanmu na gida. Manyan GPU ɗin kansu tun 2023 sai da lasisin fitarwa daga Amurka, don haka ka tambayi lokacin isowar GPU da na netwok tare, kar suwic su zo su zauna garantinsu na tafiya. Sabar DGX H100 ɗaya tana iya jan kilowat 10, ga zafin Riyad na Yuli, in ɗakin bai da sanyin da zai ɗauka maganar netwok ma ba ta taso ba.

Mai rabon aiki, wanda ke iya ɓata duka ukun

Ko ka sayi mafi tsada, in mai rabon aiki, wato manhajar da ke raba wa sabobi aiki kamar Slurm ko Kubernetes, ya warwatsa aiki ɗaya a rak goma ka jawo wa kanka cunkoson da ba dole. Slurm yana da fayil ɗin topology.conf, ka faɗa masa wace saba ke ƙarƙashin wane suwic, sai ya yi ƙoƙarin tara aiki a wuri ɗaya, mai aiki ma zai iya cewa kar a wuce suwic kaza ko da zai ɗan jira. Mutane da yawa ba sa rubuta wannan fayil ɗin, alhali kyauta ne. Kubernetes shi kuma a yadda yake zuwa bai san siffar netwok ba, bai kuma san cewa aikin GPU 64 ko dai duka su tashi tare ko kar ɗaya ya tashi ba, sai an ƙara masa irin su Volcano ko Kueue. Haka ma jona kati, a kulasta na AI an fi son GPU na farko na kowace saba ya shiga suwic ɗaya, na biyu suwic ɗaya, har takwas, don NCCL, manhajar da GPU ke hira da juna ta cikinta, ya samu yawancin hirar ta ƙare a bene na ƙasa. Sannan ka raba hanyar rumbun ajiya da ta lissafi, ko da da layin fifiko ne, don lokacin da aiki ke ajiye inda ya tsaya data ce mai yawa a lokaci ɗaya, in hanya ɗaya suke bi kowa sai ya ji a jikinsa.

A ganina kulasta mai RoCE da aka tsara rabon aikinsa da kyau zai doke InfiniBand ɗin da aka bar aiki na faɗawa ko'ina.

Toh wanne ne naka

In saba ɗaya ce mai GPU 8, ko sabobi da yawa amma kowane aiki a cikin saba ɗaya yake ƙarewa, kamar amsa tambayoyin kwastoma da samfurin da aka riga aka horar, kar ka bari a sayar maka da komai. NVLink, hanyar da ke haɗa GPU na H100 a cikin saba ɗaya, yana yin gigabait 900 a sakan in an haɗa zuwa da dawowa, ƙofar 400 giga kuwa, da yake gigabit ne, gigabait 50 ce ta kowane ɓangare, hirar duk a ciki take. Ethernet na 25 ko 100 giga ya ishe ka.

In jami'a ce ko ɗakin bincike mai lissafin kimiyya da ake rabawa tsakanin sabobi da MPI, ko kamfani mai saba 4 zuwa 60 da zai horar da samfuri ɗaya a kansu duka, kuma ku biyu ko uku ne masu kula, InfiniBand. Ƙarin kuɗin bai kai asarar GPU da za su zauna jira wata biyu kuna neman saitin da ya kuskure ba. Aljihu ya gaza, a nemi EDR ko HDR na hannu.

In ku masu ba da haya ne, kwastomomi da yawa a kan kaya ɗaya, kowa na son a killace shi, kuma kuna da tawagar netwok ta gaske wadda ta riga ta saba da BGP da EVPN, RoCE ne ya dace. Amma ku sa sharaɗi kafin biyan ƙarshe: a gwada nccl-tests, gwajin gudun hira tsakanin GPU, a kan duk sabobin tare, ba biyu-biyu ba, a cire kebul ɗaya ana cikin gwajin a ga me zai faru, kuma a nuna muku allon da ke ƙirga saƙon dakata na PFC a kowace ƙofa.

In kuma aikin na wata uku ne a shekara, ko ba ku ma tabbatar samfurin zai shiga kasuwa ba, ku yi haya tukun. Oracle na da cibiya a Jidda da Riyad, Google Cloud na Dammam tun 2023, ga wanda doka ta ce datarsa ta zauna cikin ƙasa. Ka tambaye su a rubuce wane GPU ke akwai a wannan cibiyar ta nan ba ta Turai ba, wane netwok ke tsakanin sabobin, kuma ko za su ajiye maka su a rukuni ɗaya, don GPU 32 da aka warwatsa a ɗakuna daban-daban kuɗin 32 za ka biya amma ba aikin 32 za su yi maka ba.